Izinin Koyarwa Ya Kai Ni Lyon

Gari bai gama wayewa ba muka bar unguwarmu ta Goutte d'Or a Paris, ni da maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Chadi mai sayar da turare. Ita Musulma ce, ni Katolika, amma ta ce ba za ta bar ni in yi tafiya ni kaɗai da wannan fushin ba, kar in je in zagi wani babba a garin mutane.

Ga abin da ya fusata ni. Shekara goma sha tara na yi a Maradi ina koyar da masu shirin karɓar baftisma. Da na zo Paris na ci gaba, da Hausa, a wani ɗaki na cocinmu. Yanzu haka ina da mata uku masu jiran baftisma ranar Ista, kuma ba wadda ke jin Faransanci sosai. Sai aka kawo sabon Fada. Ya tambaye ni takardar izinin bishop, na miƙa masa ta Nijar, ya ce a nan ba ta aiki, ya karɓe makullin ɗakin. Shi ne na nufi Lyon wurin tsohon Fadan da ya horar da ni a gida, wanda ya karanci dokar Ikilisiya.

Jirgin ƙasa ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka hau bas a tashar Bercy, yuro ashirin kowa. Awa shida muna ratsa gonakin inabi da ba su fid da ganye ba tukuna, da fararen shanu masu ƙiba. Hajiya ta ce saniya marar tozo ba ta cika saniya ba. A wurin hutawa muka sha kafe na yuro uku cikin kofin da kurɓi biyu ke ƙarar da shi. Ta kwance kilishi, na tuna Juma'a ce cikin azuminmu, ba mu cin nama. Ta jajanta mini, ta cinye.

Gidan tsofaffin Fada yana bisa tudu, kana hangen kogunan garin biyu. Na tarar da tsohon Fadan nawa a keken guragu, amma Hausarsa ta Maradi na nan daram. Muka gaisa har ya tambayi waɗanda suka daɗe da rasuwa. Na zayyana masa komai, ina jiran ya goyi bayana. Sai ya ce sabon Fada yana da gaskiya: izinin bishop ba ya wuce ƙasar da yake riƙo, kuma mai koyarwa da sunan Ikilisiya sai bishop na wurin ya aike shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To Fada, baftismar da aka yi mini ita ma ta tsaya a iyaka ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Ba ta tsaya ba, ɗiyata. Ɗakin coci nasu ne su ba wanda suka ga dama, amma ba dokar da ta rufe bakin wadda aka yi wa baftisma a gidanta. Kuma kina da 'yancin kai kukanki gaban bishop."

Ya rubuta mini shaida da hannunsa, ya gargaɗe ni kar in kira abin da zan yi a gidana ajin coci.

Washegari muka komo. Na kai takardar ofishin bishop, na ce a buga mini hatimi a kan kwafina. Ranar Lahadi na kwashi matan uku zuwa wurin sabon Fada, na ce tunda shi ke yanke wa za a yi wa baftisma, ya gwada su da kansa. Ya yi tambaya ta farko da Faransanci, suka zuba masa ido. Ya maimaita a hankali, ba wadda ta gane. Sai ya juyo ya roƙe ni in fassara. Na ce masa ba ni da izini. Na bar shi ya ɗan yi zufa, sannan na fassara, matan suka amsa ba gargada.

Har yau amsar bishop ba ta zo ba. Tafiyar ta koya mini cewa dokar ba maƙiyiyata ba ce, rashin saninta ne ya sa aka tsorata ni. Zan bi takardar izinin har ta fito. Kafin nan, kowace Asabar matan na zuwa gidana, mu ture tukwane gefe mu buɗe Littafi Mai Tsarki.