Littafin da Baba Ya Yi Cigiya Tsakanin Safa da Marwa

A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, amma a takarda ni baƙuwa ce, ina rataye a jikin iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Shekarar da kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a takarda, ya ce ba zai sabunta masa ba, komawa Najeriya ta zama mana dole, ga shi darasi ɗaya ya rage mini in gama digirin Turanci da nake yi daga gida. Idan na ci, zan sauka Kano da abin neman aikin koyarwa. Idan ban ci ba, zan sauka garin da ban taɓa gani ba hannu rabbana, da tsoho mai ciwon gwiwa.

Darasin kuwa na rubuce-rubucen 'ya'yan mutanen Latin Amurka ne da suka tashi a ƙasar Amurka, an tara gajerun labaransu da waƙoƙinsu a littafi guda don ɗalibai. Na bi shagunan littattafai har ƙafata ta yi kanta. Wani mai shago ya dubi sunan, ya dube ni, ya miƙo mini littafin addu'o'in Umara. Na so in kwaɗa masa shi a ka.

Baba tura keken tsofaffi yake yi a Harami, kuma bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya ce in rubuta masa sunan a takarda. Duk wanda ya ɗauka, in ya ji bakinsa da Turanci, sai ya bari an gama zagaye na bakwai a Marwa, ya zaro takardar ya nuna masa. Wasu su ɗauka bara yake. Wata uku yana haka, sau huɗu ina sake rubutawa saboda gumi ya cinye tawadar. Kunya ta ishe ni, na ce ya bari. Ya ce, "Halas, ya binti, ke dai yi karatunki. Fuskata ce, ba taki ba."

Wata tsohuwar malama daga Amurka ce ta karanta takardar, ta sa ɗanta da zai zo Umara ya taho da littafin. Saura kwana tara jarrabawa ya iso hannuna.

Ban yi tsammanin zan ga gidanmu a ciki ba. Yara masu yi wa iyayensu tafinta a ofis, iyaye masu ɓoye takardu a ƙarƙashin katifa, kaka mai magana da yaren da jikokinta ke amsa mata da wani. Ina karantawa ina kuka, ina jin haushin kaina, don lokacin kuka ba ni da shi. Na haddace shi kamar shi za a tambaye ni a kabari.

A Jidda ake rubuta jarrabawar. Baba ya bar aikin ranar ya raka ni, ya zauna a inuwar katanga da littafin a cinyarsa. Matar da ke bakin ƙofa ta karɓi katina ta juya shi. Ta ce iƙamata ta mutu kwana huɗu da suka wuce. Na ce awa biyu kawai nake roƙo. Na kama hannunta, na haɗa ta da Allah, ni da ban iya roƙon ko gishiri a maƙwabta ba. Ta ce ba ita ta kafa dokar ba, in matsa na bayana su wuce.

Na shige banɗakin mata na zauna har awa biyun suka cika. Da ɗalibai suka fara fitowa na wanke fuska na bi cikinsu.

Baba ya miƙe da ƙyar, yana dafe da gwiwa, bakinsa har kunne.

"Uwata, an yi tambaya daga cikin littafin namu?"

"An yi, Baba."

"Kin amsa duka?"

"Duka," na ce.