Haƙorin Fanna

Salamu alaikum. Masu cewa na samu kuɗi na ɓuya, ku sassauta mini. A asibiti nake duk kwanakin nan, ina jinyar ɗiyata Fanna.

Abin ya fara da tauna ta gefe guda. Uwarta ta ce, "Baban Fanna, yarinyar nan ta bar tuwo, sai kunu." Na ce shekara bakwai ai lokacin famfara ne, haƙorin nono ne, zai faɗi da kansa. Na sayo kanumfari da ƙwaya wajen mai yawo da magani, na haɗa mata da alawa don ta bar kuka.

Alawar nan ma ni na saba mata. Ita ce cin hancina in na dawo a gajiye.

Ina tsakiyar ciniki aka kira ni. Kunci ya kumbura har ido ya rufe, jiki zafi, baki ba ya buɗuwa.

Aka kwantar da ita nan Diffa. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, awon jini, hoton muƙamuƙi. Kuɗin rago biyu suka tafi, ban ma ji zafinsu ba. Abin da ya tsinka mini zuciya, likita ya ce mugunyar da ta taru a kuncin na iya sauka maƙogwaro ta toshe numfashi.

Ya tambayi sana'ata. Na ce dillalin dabbobi.

"To Alhaji, ka taɓa sayen rago ba ka buɗe bakinsa ba?"

Ni da ba a kayar da ni a magana a kasuwa, sai kallon takalmina.

Ashe haƙorin ba na nono ba ne, na dindindin ne da ba ya sake fitowa. Na can ƙurya ne, mai fitowa wajen shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba. Ya ruɓe har saiwa. Da kumburin ya saɓe aka cire shi.

Alhamdu lillahi, mun dawo gida, jiya har nama ta ci. Na gode wa ma'aikatan asibitin, da uwarta da ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko da yake na gani a idonta.

Iyaye, ku riƙa leƙa bakin yara a cikin haske. Ku tsaya a kansu su goge safe da dare, ku rage zaƙi. In kun ga baƙin ɗigo ko kumburi, asibiti, ba kanumfari ba.

Fanna na ta taɓa gurbin da harshe, tana tambayata yaushe sabon zai fito. Har yanzu ban iya gaya mata ba.