Tunkiyata da Faifan da Aka Ɗinke a Fata

Tunkiya ɗaya ce tak, fara mai baƙin kunne, ga ta da ciki. Ita ce duk abin da na mallaka a duniya ranar da Yaya Sanusi ya tsuguna a gabana a bakin turke, da hantsin wata Asabar cikin sanyi, shekarar da nake aji biyar a firamare a Jega. Ina zuba mata ƙasari a tsohon kwano, shi kuwa yana ta juya hularsa a hannu. Ya ce in ba shi ita ya sayar, idan albasa ta fito aka shiga bukukuwa zai saya mini biyu. Na dube shi, na dubi cikin tunkiyar, na ce, "Biyu masu ciki, ko biyu hakanan?" Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ke wagga ɗiya, Allah Shi shirye ki! Biyu dai, Hadiza." Na ce na yarda, amma a gaban Inna za a maimaita.

Ba kyauta aka ba ni tunkiyar nan ba. Duk shekara idan ana cirar albasa, Inna kan kai mu gidan kawunmu a Aliero, mu yara mu bi gona muna tattara ganyen da aka yanke. Mu daka shi, mu dunƙula, mu shanya a kan rufin ɗaki ya zama gabu na miya, idanunmu na ta zubar da hawaye, zannuwanmu na wari har mu dawo makaranta ana toshe mana hanci. Da tallan gabun na sayi kaza, kaza ta zama kaji, kaji suka zama 'yar tunkiya. Kafin in tafi makaranta sai na share mata turke, in na dawo in ɗauki lauje in bi bakin fadama neman ciyawa. Sau da yawa ƙawayena na carafke a ƙofar gida suna kirana, ni ina can ina roƙon dusa a gidajen da aka yi surfe.

Shi Yaya Sanusi yana da ɗan shago kusa da tasha, inda yake tsara katin gayyata da kalandar aure. Lokacin Jihar Kebbi ba ta daɗe da cika shekara goma ba, kwamfuta kuwa abin zuwa kallo ce. Tasa tsohuwa ce, wani direban motar albasa ya taho masa da ita daga kudu, launinta kamar na tsohon haƙori. Ango zai kawo hotonsa da na amarya, Yaya ya ɗora su a kan wani gilashi mai haske su shige ciki, ya yi musu ado da furanni da masallaci a baya. Damuwarsa ɗaya ce, cikin kwamfutar ya cika. Kafin ya ɗauki sabon aiki sai ya goge tsoho, in mai tsohon ya dawo neman ƙari sai a fara daga farko, wani lokacin ma hoton ya riga ya ɓata a hannun dangi. Ya bayyana mini cewa akwai wani ƙarfe a ciki, faifan ajiya, shi ne rumbunta. Rumbu na biyu yake so ya ƙara mata kafin kakar aure.

Maƙwabcinmu Malam Garba ne ya sayi tunkiyar. Da mako ya zagayo faifan ya iso daga Sakkwato, na hannu ne, bai fi sabulun wanki girma ba amma da nauyi. Tunda dukiyata ce a ciki, na ce sai na ga yadda za a sa shi. Yaya ya kwance murfin kwamfutar a kan tabarma a tsakar gida, ya nuna mini wata waya mai faɗi kamar ɗamara, wadda ke da baki ɗaya da ba a sa komai ba. Nan sabon zai shiga. Ya ɗauki hantsaki ya matsar da wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake a bayan faifan, ya ce wannan ne zai nuna masa cewa shi ne ƙarami, tsohon ne babba, kada su yi gardama. Wuta ma ya samo mata waya mai reshe biyu. Aka kunna, kwamfuta ta gane baƙonta. Abin da ya rage shi ne mazauni, domin akwatin kwamfutar ƙarami ne, ba a yi shi da gurbin faifai biyu ba. Ya gwada ɗaure shi da robar taya, ya zame. Ga shi janareton shagon in ya tashi har tebur rawa yake yi, an kuma gargaɗe shi cewa faifai ba ya son girgiza.

Baba ne ya kawo shawara, yana alwala yana kallonmu. Ya ce shi tun tasowarsa bai ga abu mai daraja da aka bari tsirara ba. Alƙur'ani na da gafaka, wuƙa na da kube, laya ma ɗinke ta ake yi. Duk muka ga gaskiyarsa, har Yaya ya ce ai fata ba ta ɗaukar wuta, ta fi ƙarfe aminci. Ranar kasuwa muka je rumfar dukawa. Wani tsohon baduku ya auna faifan da zare, ya yi masa riga da jar fata, ya shimfiɗa auduga a ciki saboda girgiza, ya ɗinke ta tsam, ya bar ƙofar wayoyi kawai. Har ɗan zane ya yi mata a gefe. Aka rataye shi da madauri huɗu a cikin akwatin, ko motsi ba ya yi.

Duk sanyin nan lafiya lau ya yi aiki. Yaya ya daina goge komai, yana karɓar aiki daga Aliero har Maiyama. A cikin kwanakin ne tunkiyata ta haihu a gidan Malam Garba, tagwaye, duka mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kukansu nake ji kullum da asuba. Na leƙa sau ɗaya, ban sake ba.

Da bazara ta kama, aka kwashe albasa, aure ya yi yawa, janareto ba ya hutawa daga safe har magariba a shagon da rufinsa kwano ne. Wata rana na kai wa Yaya abinci na tarar yana kasa kunne a jikin kwamfutar. Wani sauti take yi, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsattsagar tire. Kafin la'asar duk abin da ke cikin sabon faifan ya ɓace, har da kalandun da za a karɓa a makon. Ya kai shi wurin wani mai gyara a Birnin Kebbi. Da ya dawo ya ba mu labari cewa mutumin ya farke ɗinkin da reza, ya shinshina audugar, ya ce, "Wa ya ba ku wagga dabara? Abin da ke son iska kunka sa wa rigar sanyi. Dafa shi kunka yi." Da Baba ya ji haka sai ya ce, "Ashe ɗan albasa ne, ba a rufe shi."

Waɗansu angwayen sun yi haƙuri aka sake musu, da yawa suka karɓi hotunansu suka tafi wani wuri. Kakar da Yaya ya ɗora wa rai ta wuce shi. Ni dai na jira aka yi shuka, sannan na tsayar da shi a gaban Inna, inda aka yi maganar tun farko. Ya ce, "Hadiza, kin ga dai abin da ya faru." Na ce na gani, amma ni ba faifai na ba shi ba. Inna ta ce, "Gaskiya tag gaya maka. Ka ba ta abin da ka iya." Bayan kaka ya shigo da 'yar akuya ja, ramammiya, ya ɗaure a turken. Na karɓa, na ce mun rabu lafiya.

Yau ina loda albasa mota-mota zuwa kudu, wayar da ke jakata kuwa ta fi wancan faifan ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, ba wanda ya taɓa ɗinka mata riga. Shagon ya zama wurin cajin waya, Baba da badukun duk sun riga mu gidan gaskiya. Nakan yi kewar zamanin da gida guda zai zauna a kan tabarma ana shawarar yadda za a kyautata wa ƙarfe. Amma ciniki ciniki ne: kai uku na bayar, ɗaya ya dawo mini.