Maɓallin Inna ta Kucheri

Ana idar da sallar asuba muka bar Bungudu, ni da abokin tafiyata da jaki guda wanda ya fi mu duka taurin kai. Tun da harsashi ya taɓa mini ƙafa a yaƙin Jamus na Kamaru nake ɗingishi, don haka ni ne a kan jakin, abokina yana biye yana mita. Dawa ta nuna dama da hagu, masu tsaron tsuntsaye sai ihu suke yi.

Abin da ya fitar da mu, wani Bature ne mai sayen fata a Gusau wanda ya haukace da tara kayan sojan Jamus. Ya shimfiɗa mini tarinsa a kan bargo, na ware masa: gaggafar ƙarfe ta goshin jar dara daban, maɓalli mai hular sarkin Jamus daban. Wajen rabi namu ne na sojan Ingila masu hoton bishiyar kwakwa, maƙera suka goge suka cuce shi. Ya yi ja har kunne, sannan ya roƙe ni in duba masa ƙauyukan Tsafe.

Hanyar Tsafe duwatsu ne da hawa. A kasuwa muka sha fura mai araha, muka ci hoce da ya kusa tafiya da haƙorin abokina. Mai furar ce ta ce mu nemi wata tsohuwa a Kucheri, tana da irin abin da muke cigiya.

Tsohuwar ta tarbe mu kamar ta san mu, ta kawo ruwa da gyaɗa. Ta ce ɗanta ɗaya tilo ya shiga soja, sai wani farke ya kawo mata maɓalli ba tare da wani bayani ba. Mutanen gari suka ce alamar mutuwa ce, aka yi sadaka, aka mayar da ɗakinsa wurin ajiye ƙaiƙayi. Kullum tana goge maɓallin da toka da tsamiya, har hoton kansa ya shafe, sai sheƙi.

Gabana ya faɗi, domin a rukuninmu muna da al'ada. Idan mutum ya faɗi a fagen fama, maɓallin rigarsa ake yankewa a aika wa uwarsa. Idan yana raye, shi da kansa yake aika na abokan gaba, tsarabar yaƙi. Na gaya mata haka, na kuma yi da-na-sanin saurin bakina, don ban ga komai a kan ƙarfen ba.

Ta ce, "Ɗan nan, duba da kyau ka hwaɗa mani. Na mamaci na, ko na mai rai?"

Na karɓi tandun kwallinta, na shafa a kan maɓallin, na share da babban yatsa. Kwallin ya zauna a 'yan layukan da suka rage. Ba ganyen kwakwa ba ne, hular sarkin Jamus ce ta fito.

Na ce, "Inna, ranar da aka aiko wannan, ɗanki yana tsaye da ƙafarsa. Yau kam Allah ne masani, amma da yawa daga cikinmu an wuce da su wani yaƙin a hayin teku."

Ba ta yi kuka ba, ni ne na kusa yi. Ta ɗaure maɓallin a bakin zane, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta ta ara mata tsintsiya da kwando.

Na koma Gusau hannu wofi, na ce wa Baturen maɓallin Kucheri ba na sayarwa ba ne. Da na iso Bungudu na zauna ina tunani: ashe sanin da na ɗauko a bakin bindiga ba don bargon Bature aka ba ni shi ba. Abokina har yanzu ƙorafi yake, wai ya je baƙunta an sa shi kwasar ƙaiƙayi, don ba mu bar Kucheri ba sai da ɗakin nan ya zama fes, an shimfiɗa tabarma.