Baba Safa Ya Tafi Ofis

Yayata ba ta taɓa girma ba, tsawo kawai ta yi. Tun muna yara take ɗaura wa cokula aure, ta yi wa tsintsiya faɗa don ta ƙi gaida bokiti. Umma ta sha yi mata addu'ar shiriya, sai ga shi an ɗauke ta koyar da 'yan shekara uku da huɗu, ana biyanta albashi a kan shirmen nan dai.

Ajinta babu bulala, allon ma mayafinta take ratayewa a kai. Akwai kwandon murafun kwalba, da tulin yashi a kusurwa, da wani ƙaton kwalin firji wanda yau jirgi ne, gobe asibiti. Amma babban ma'aikacin ajin shi ne Baba Safa, wata safa ruwan toka da ta ɗinka wa maɓallai biyu a matsayin idanu. Da ta zura hannu ciki ta shaƙe murya, sai ka ga yaron da ya ciji ɗan'uwansa ya zauna yana yi wa safa bayanin abin da ya ɓata masa rai. Ta ce yaro ba ya iya kallon idon babba ya ce tsoro yake ji, amma maɓalli bai dame shi ba.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, safar ta mijinta ce. Shi kuwa akawu ne, fuska kullum a ɗaure, ko 'ya'yansa sai sun yi shawara kafin su tambaye shi biro. Ya daɗe yana cigiyar safar nan, ya adana 'yar'uwarta a durowa ya ƙi yarwa.

A bana aka kawo wata yarinya da kowa ke kira Auta. Da farko surutu kamar rediyo, sai kwatsam ta ɗauke wuta. Ba wasa, ba kuka, sai ta shige kwalin firji ta zauna har a tashi. Abin ya hana yayata sukuni. Da kyar wata rana yarinyar ta raɗa wa Baba Safa, "Gobe zan gaya maka wani abu." Don murna yayata ta tafi da shi gida, ta wanke shi tas ta shanya.

Da safe ta tarar da igiya wayam. Ta kira mijinta a waya.

"Maigida, me ke ƙafarka?"

"Safata da ta ɓata! A igiya na tsince ta. Sai dai facin da kika yi mata yana ta cizona."

"Idanunsa kake takawa! Don Allah juyo yanzu-yanzu."

Ya iso aji yana huci, ya zauna a 'yar kujerar yara, gwiwoyi har kunne. Yana cire takalmi maɓallan suka leƙo. Kafin ya tuɓe safar, Auta ta fito daga kwali ta nufo shi. Yayata ta zare masa ido kada ya motsa, ya ƙame da ƙafa a sama.

Auta ta matso da bakinta, ta ja da baya, ta ce da ƙarfi, "Baba Safa, kana wari!"

Aji ya kwashe da dariya. Yayata ta shaƙe murya daga bayan kujera, "Ofis na je, 'yata."

Yarinyar ta kama babban yatsan ta riƙe. "Mama ta haifi jariri. An ce yanzu shi ne Auta. To ni wace ce?"

Hawaye ya cika wa yayata ido. Sai ga yatsu sun motsa cikin safa, wata siririyar murya ta fito daga bakin akawu.

"Ke ce babba yanzu. Ƙarin girma aka yi miki."

"Babba ma ana goya ta?"

"Sosai ma. Ni da kaina zan tuna wa Mama."

Auta ta yi ɗan tunani, ta saki yatsan, ta ruga tulin yashi tana ihu a ba ta cokalinta.

Akawu ya tuɓe Baba Safa ya miƙa wa matarsa. Ya ɗan tsaya, sai ya tuɓe ɗayar ma.

"Ɗinka wa wannan idanu," in ji shi. "Baba Safa ya yi ƙane, gobe Auta ta koya masa yadda ake zama babba."

Ya zura ƙafa tsirara cikin takalmi ya tafi ofis.