Daudawar Batso Daga Garhanga

Matata Ramatu na da tsohon ciki, kuma kwaɗayinta ɗaya ne: daudawar batson kakarta Hajiya Kulu, can Garhanga. Ta kasuwar Madawa ko kallonta ba ta yi, har ta fara ramewa. Sai na ce bari in je da kaina.

Madawa zuwa Buza

Ana sallame asuba na shiga tasha. Motar cike take da buhunan albasa, ga wata ta fashe a gindin ƙafata, idona na ta ruwa. Wani malamin gona da ke kusa da ni ya yi dariya.

"Albasa na kare kanta ne," in ji shi. "In an ji mata rauni sai ta saki wata iska, ita ke yi ma ido yaji. Ka san tumatur da tonka baƙi ne? Daga Amurka sunka hito."

Na ce, "Tonka, barkonon namu na ƙasar Adar? Haba malam!" Muna ta gardama har jandarma suka tsayar da mu suka duba takardu.

Garhanga

Daga Buza kabu-kabu na hau, muka bi ta duwatsu, muka isa bayan azahar. Hajiya Kulu ta tarbe ni da fura da tsokana: "Mijina, wari ka biyo tun daga Madawa?"

Ta buɗe tukunya, sai da na ja baya! Ashe batso gurguzu ne, 'ya'yan yakuwa. Ta ce a dafa shi ya yi laushi, a daka da ruwan toka, a rufe a ɗaki mai ɗumi ya kwan biyu.

"Zahi ka nuna shi, kamar yadda madara ka zama nono. Masu gaggawa ka buɗewa da wuri."

Na kwana gidan ƙaninta. Da hantsi ina ɗaure ƙunshin batson da Hajiya ta ba ni, sai salula ta yi ƙara. Yayata ce: "Kana ina? An tahi da Ramatu likita!"

Hajiya ta zari mayafi. "Da ni za ka!"

Komawa

Ban san yadda muka wuce Buza ba. Fasinjoji na toshe hanci saboda ƙunshinmu, da suka ji labari kuwa sai suka dinga ce wa direba ya taka.

Da la'asar muka isa asibiti, muka tarar da ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya. Na tsaya ina kallonsu. Hajiya ta karɓi jaririyar ta yi mata addu'a, ta juyo gare ni.

"Tsayuwar mi kake? Tahi ka samo itace, ni ka yin miyar jego."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa direban nan da alheri.