Ƙararrawar Surukai

Akwai wata Asabar da ba ta fita daga raina ba har yau, ranar da muka fara gabatar da gasar kacici-kacici kai tsaye a ƙaramar tasharmu ta rediyo da ke Dutsin-Ma. Lokacin ina matakin mataimakiyar furodusa, wato mai tsara shiri ta kuma gabatar da shi idan hannu ya yi ƙaranci.

Manajanmu ne ya ga irin gasar a talabijin, inda ake haska hoto, wanda ya riga danna maɓalli ya faɗi amsa. Ya kira ni ofis ya ce, "Hajiya Binta, ki mayar mana da wannan abin na kunne. Gwaji ɗaya zan ba ki. In bai yi armashi ba, filin ya koma na waƙoƙi." Shekarata shida ina karanta sanarwar ɗaurin aure da ɓatan awaki, ban taɓa samun shirin kaina ba, don haka na riƙe shi hannu biyu.

Na yi aiki, ba yabon kai ba. Maimakon hoto, na ɗauki rakoda na bi gari ina naɗo sauti: injin ban-ruwa a madatsar ruwa ta Zobe, luguden taɓarya, kukan zabi. Maimakon maɓalli, na samo ƙararrawar keke da ta makaranta, don mai saurare ya san wanda ya buga. Ina ganin na toshe kowace kafa.

Tsarin shi ne rukuni biyu, kowanne ya fitar da gwaninsa, su haɗu a zagayen ƙarshe. Rukunin farko ya ba mu Malam Mati, dattijon manomi daga Rawayau, mai raha. Na biyu ya ba mu Malam Kabir, malamin firamare daga Kurfi, wanda ko sauti bai gama fita ba ya buga. Da aka shigo da shi ɗakin watsa shiri don zagayen ƙarshe ya ga dattijon, sai ya tuɓe takalma ya durƙusa har ƙasa. Na ce a raina, kai, wannan akwai ladabi. Iyakar tunanina ke nan, ni da nake taƙama da sanin mutanenmu.

Na saki sautin farko, ƙarar alli a kan allo. Shiru.

Ga wanda bai san aikin ba, shiru a rediyo masifa ne. A talabijin ana ganin fuska tana tunani, amma mai rediyo a gona zai ɗauka an ɗauke mana wuta, ya murɗa ya tafi wata tasha. Na sake sakin sautin. Shiru. Ta gilashi na hango manaja yana juya hannu, alamar in yi wani abu. Na ji shirin yana sulluɓe mini.

Da na rasa abin yi, sai na faɗi abin da idona ke gani. Na ce, "Masu saurare, muna nan. Hannun Malam Kabir yana kan ƙararrawa, amma kansa na ƙasa. Malam, lafiya?"

Bai ɗago ba. Malam Mati ne ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ko za mu kwana nan ba ya bugawa. Ɗiyata ke gidanshi. Ta ina za ya riga ni?"

Kunya ta rufe ni. Na haɗa mutum da surukinsa a gaban duniya, na ce su yi rige-rige.

Kafin in samu abin cewa, dattijon ya miƙa hannu ya buga ƙararrawar Malam Kabir da kansa. Ya ce, "To, na buga maka. Faɗi, kada a ce na ba wanda bai san komi ba ɗiya."

Malam Kabir ya ce, murya can ƙasa, "Alli ne, Baba, bisa allo." Ba ni ya ba amsar ba, surukinsa ya ba.

Haka muka ƙarasa. In dattijon ya gane sauti ya buga tasa, in ya shige masa duhu ya buga ta surukinsa. Kafin mu rufe, wayar tasha ta ƙi yin shiru.

Manaja ya bar mini filin, da sharaɗin a daina rige-rigen, a riƙa tambayar kowa bi da bi. Ban yi musu ba. Na gane na canza hoto zuwa sauti, amma na kwaso ɗabi'ar mutanen da ba su san juna ba na kawo inda kowa yake da wanda yake jin nauyinsa.

Shi ya sa, ƙannena a wannan aiki, in kun ga ina tsare mai shiga gasa a bakin ƙofa, ba sunansa kawai nake nema ba. Sai na nuna masa sauran na tambaye shi, "A cikin waɗannan, wa kake jin kunya?"